Amsa kan jitar katako da fedar firi-amf

An rubuta wagga murya ne don 'yan gurup da ba su da datar saukewa.

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena na Gusau, na saurari tambayarka. Ka ce jitarka ta katako in kana kaɗa ta a ɗaki muryarta cike take, amma da an jona ta da mikisa, na'urar da ke haɗa sauti ta tura wa lasifika, wurin biki sai ta koma kamar ana ƙwanƙwasa gwangwanin madara, in an ɗaga ta kuma lasifika ta kama kuka, sai wani ya ba ka shawara ka sayi fedar firi-amf, wato ɗan akwatin gyaran sauti da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da mikisa. To, za ta yi magani, amma ba kowace cuta take warkarwa ba. Kada ka fidda kuɗinka tukuna sai ka duba abu guda.

Juya jitar ka gani, tana cin batir? Wasu akwai ɗan akwati a kafaɗarsu mai batir bolt 9, wasu a cikin ramin ake ɓoye shi, wasu kusa da inda ake soka waya. In babu batir ko'ina, to ga tushen matsalarka. Mafi yawan jitocinmu, abin da ke ɗaukar sautin wani siririn zare ne da ake kira fizo, shina kwance ƙarƙashin jaki, wato farin ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa, kamar dai jakin gurmi. Shi fizo kamar rijiya ce mai tsattsafo. Ruwanta mai kyau ne, amma da ƙaramin guga ake ɗiba, in ka zura mata injin ban-ruwa nan take za ta ƙafe. Ramin layi na mikisa injin ban-ruwa ne, abin da ake kira imfidans ɗinshi, wanda in ya yi ƙasa rami ya fi zuƙe sauti, kuma da om ake auna shi, bai wuce om dubu 10 zuwa dubu 20 ba, shi kuwa fizo shina son om miliyan 1 ko sama, wasu fedoji har miliyan 10 suke bayarwa. In ka haɗa shi da ramin da bai kai haka ba, kaurin sauti ke fara zubewa, ya bar maka ƙaiƙayi zalla. Ka ga ko mai mikisa ya murɗa bes har ƙarshe ba zai dawo da shi ba, don bai iso wurinshi ba balle ya ƙara shi. Babban aikin firi-amf ke nan, ta karɓi sautin a hankali, ta miƙa shi ga mikisa da ƙarfi. Sauran maɓallan duk bayan wannan suke.

In kuwa jitarka na da batir, akwai ƙaramar firi-amf a cikinta, wanga aikin an riga an yi shi. Kafin ka zargi kowa, sa sabon batir mai kyau, alkalin, ba irin na arha da ke mutuwa cikin sati ba. Batir in ya sauko wajen bolt 7 sai sauti ya fara tsagewa duk sanda ka buga da ƙarfi, mutum ya ɗauka lasifika ce ta fashe. Kuma in ka gama kiɗa zare waya daga jitar, don soka wayar shi ne kunnawa, in ka bar ta ciki batir na ci har gari ya waye. Mai irin wagga jita feda za ta amfane shi wajen gyaran sauti da kashe kuka da tura sauti nesa, amma bambancin ba zai kai na wanda ba shi da batir ba. Gara ka san haka tun yanzu.

Yauwa, jonawa. Daga jita zuwa feda gajeriyar waya, mita 3 ta isa, kada ta wuce 5, don doguwar wayar jita kwasar ƙara take yi, balle inda wayoyin wuta ke shimfiɗe a ƙasa. Daga feda zuwa mikisa ka bi ta ramin XLR, mai haƙora uku irin na makirfo, wanga ko mita 30 ne zai kai lafiya. A ramin makirfo na mikisa za a soka shi. In kana da na'urar saita tsirkiya ko fedar amsa-kuwwa, jitar da ba ta da batir firi-amf ce ke fara karɓarta, sauran su biyo baya. In ka sa wata feda a gaba, ita fizo zai tarar, ka koma gidan jiya.

Sai gen, wato maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga feda. Nan mutane da yawa ke ɓata abin. Mayar da bes da mid da tirebul, wato maɓallan sauti mai kauri da matsakaici da siriri, duk tsakiya, na jikin jita da na feda da na layinka a mikisa, duka ukun. Ka roƙi mai mikisa da girmamawa ya bar naka layin a miƙe, don in kai ka ƙara tirebul a jita, feda ta ƙara, shi ma ya ƙara, kunnen jama'a ne zai biya. Sautin jikin jita ka kai shi kamar kashi uku cikin huɗu. Sannan ka buga da iyakar ƙarfin da za ka buga a tsakiyar waƙa, ba ɗan taɓawar gwaji ba, kana ɗaga gen a hankali har jar fitila ta fara ƙyaftawa jefi-jefi, sai ka ɗan koma baya. In gen ya yi ƙasa, mai mikisa zai ɗaga nashi, shuuu ɗin nan ya taso. In ya yi sama, sauti ya tsage, kuma tsagewar da anka yi a feda babu mai ɗinke ta a gaba.

Gyaran sautin kanshi, ka riƙe wanga: ragewa ake yi, ba ƙarawa ba. Tsirkiya mafi kauri a jita haz 82 take bayarwa, haz shi ne ma'aunin kauri da sirantar sauti, ƙaramar lamba kauri, babba siranta, ƙasa da 82 ɗin nan babu kiɗa sai ƙugin hannu da bugun jikin katako, don haka in akwai maɓallin yanke ƙasa, a feda ko a mikisa, danna shi wajen haz 80 zuwa 100. Wurin biki mai manyan lasifikan bes wanga kaɗai zai share maka rabin laka. Tsakanin haz 200 da 400 nan sautin kwali yake, kamar kana kiɗa cikin akwati. Shi kuma ƙarar gwangwanin da ka ce, muryar agwagwar nan ta fizo, galibi tsakanin haz 800 da 2,000 take zaune. Yadda za ka kama ta: fedar kirki na da maɓallan mid guda biyu, ɗaya na yawa, ɗaya na zaɓen wuri. Ɗaga na yawan sosai, kana kiɗa kana juya na zaɓen wurin sannu a hankali, za ka iso inda sautin ya fi muni, har ka yamutsa fuska. To nan ɓarawon yake. Tsaya nan, ka mayar da na yawan ƙasa da tsakiya, desibel 3 zuwa 6, ka saurara. Kada ka kwashe shi duka, mid shi ke sa a ji ka in ganga da fiyano sunka taso. Jitar da anka kwashe wa mid daɗi gare ta in kai kaɗai ne, amma cikin taro ɓacewa take kamar allura a rairayi. Tirebul kuma ɗan kaɗan. In kana jin ƙarar faratai da zamiyar yatsa fiye da kiɗan, ya yi yawa.

Kuka yanzu. Fara gane mai kukan, don sau da yawa jita ake zagi alhali makirfo ne. In ya taso, ɗora tafin hannu kan tsirkiyoyi da fuskar jitar. Ya tsaya, to ita ce. Bai tsaya ba, kuma siriri ne kamar usur, a duba makirfo. Kukan jita mai kauri ne, wuuu, tsakanin haz 100 da 200 yawanci, don iskar da ke cikin akwatinta wajen haz 100 take amsawa, lasifika ta girgiza katako, fizo ya ɗauka ya mayar wa lasifika, su yi ta zagaye. Abu na farko maɓallin fes, mai juya girgizar sautin da feda ke fitarwa, danna shi ka ji, ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu zai fi natsuwa. Amma in ka canza wurin zama ko anka matsar da lasifika sai ka sake gwadawa, don nisan da ke tsakaninku shi ke yanke hukunci. Na biyu noci. Shi wuƙa ce siririya mai yanke wuri guda tak. Ka sa a ɗaga sauti har kukan ya fara leƙowa, sannan ka juya noci sannu-sannu, za ka iso inda zai ɗauke ɗif, ka bar shi nan. In ka juya da sauri za ka tsallake wurin ka ce ba ya aiki. Na uku, murfin roba da ake toshe ramin jita da shi, kuɗinshi kaɗan ne aikinshi babba. Kuma don Allah kada ka zauna gaban lasifika. Masu haya sun saba jera su bayan mawaƙa don hoto ya yi kyau, ka ce a matso da su gaba, bakinsu na kallon jama'a.

Wacce za ka saya? Aljihu ke magana. Behringer ADI21 ita ce mai sauƙin kuɗi, tana da XLR da mid mai zaɓen wuri da giraun-lif, wato maɓallin kashe ƙugin wuta, amma babu noci babu fes. Boss AD-2 ƙarama ce, maɓalli uku, akwai noci da 'yar amsa-kuwwa, sai dai ba ta da ramin XLR. LR Baggs Para DI tsohuwar hannu ce, tana da noci da fes, kuma tana iya cin wutar fantom mai bolt 48 daga mikisa ta wayar XLR, ka huta da sayen batir. Fishman Platinum Pro EQ ta haɗa kusan komi, har da na'urar saita tsirkiya da maɓallin ƙarin sauti na lokacin da kai kaɗai za ka fito. A ganina mai kiɗan fili, inda kuka shi ne abokin gaba, noci da fes sun fi mishi duk wani kwalliya. In ta hannu ce za ka saya, daga kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano, tafi da jitarka ko ka sa a yi maka bidiyo ana juya kowane maɓalli, wanda ke ƙarar yashi ƙura ta shige shi.

Wuta. Nan ne fedoji ke mutuwa a garuruwanmu. Mafi yawansu bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftar nagetif ne. Adaftar dikoda da ta rawuta galibi bolt 12 ce mai tsakiya fozitif, bakin zai shiga daidai, feda ta ƙone. Duba ɗan zanen da ke jikin feda da na jikin adafta su dace kafin ka soka. Kan janareta kuwa batir ya fi aminci. In ka ji ƙugi mai ɗorewa, muuu, wanda ba ya canzawa ko ka taɓa tsirkiya ko ba ka taɓa ba, na wuta ne, haz 50 ɗin da wutarmu ke gudu a kai. Zare adafta ka koma batir. Bai tafi ba, danna giraun-lif. Ƙugin irin wanga ya fi tasowa in ka raba sauti biyu, ɗaya ga amf ɗinka, wato akwatin lasifikar jita, ɗaya ga mikisa, kuma kowane na soket daban, to ka haɗa su kan ekstenshin guda. In kuwa ƙarfen feda ko makirfo na tsunkulinka, a kashe komi a nemo mai gyaran wuta, wanga ya wuce maganar sauti.

Af, amf. In na jitar lantarki kake jonawa, lasifikarshi ba ta hawa sama da wajen haz 5,000, jitar katako za ta fito kamar mai mura ko wace feda ka sa. Amf na fiyano ko lasifikar taro mai wutar kanta sun fi dacewa.

Saura abin da feda ba ta iyawa. Kaɗa tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi iri guda. In wata ta fi wata fitowa, musamman ta farko ko ta shida ta nutse, matsalar ƙarƙashin jaki take. Sassauta tsirkiyoyi, zare jakin, ka lura da fuskar da ke gaba don ka mayar yadda yake. Ɗora gindinshi kan gilashi ka duba ko haske na wucewa. In bai kwanta ɗaya ba, shimfiɗa sanfefa mai laushi kan gilashin ka goga shi a tsaye kyam, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. Hure ƙurar da ke cikin ramin, kada ka lanƙwasa zaren fizo, in ya karye sai sabo. Jakin ya riƙa shiga ba da dole ba, kuma ba ya rawa. Wagga matsala ta fi fitowa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, don katakon jita shina son laima kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar Zamfara da Kebbi kuwa a lokacin takan faɗi ƙasa da 20. Katako ya tsuke, fuskar jita ta lotsa, tsirkiya ta fara zizar kan ƙarafan wuya, firi-amf kuma ta ɗauki zizar ta ƙara mata ƙarfi. Samu soso, jiƙa shi ka matse har ya daina ɗiga, sa shi cikin robar sabulu da ka huda, ka ajiye cikin jakar jitar a rufe, kana sake jiƙawa duk kwana biyu ko uku. Da bazara kuma kada a bar ta cikin mota, zafin Afrilu na sassauta gam har gadar, wato katakon da jaki ke zaune a kai, ta fara ɗagowa. Tsirkiyoyin da sunka yi baƙi da gumi su ma a canza, saiti mai lambar kauri 12 zuwa 53 ya fi danna fizo da kyau fiye da sirara, in yatsunka za su jure.

Turo hoton kafaɗar jitar da na bayan mikisar da kuke haya, a ga ramin da ake soka ka.