Aikin kamfanin Amurka daga gida zai iya samar maka bizar ƙwararru ta Birtaniya?

Ɗan'uwa, ka ce kana Kano kana yi wa wani kamfanin Amurka aikin rubuta manhaja ta intanet, suna biyanka da dala duk wata, kuma ba ruwansu da inda kake zaune. Kana son sanin ko wannan aikin zai ishe ka neman bizar ƙwararrun ma'aikata ta Birtaniya, wadda suke kira Skilled Worker. A'a, ba zai isa ba, sai in kamfanin yana da reshe a Birtaniya mai lasisin ɗaukar ma'aikata daga waje.

Bizar nan a wuyan mai ɗaukar aiki take rataye. Dole ya kasance yana gudanar da harka a cikin Birtaniya, yana riƙe da lasisi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sannan ya ba ka shaidar ɗaukar nauyi da ake kira CoS. Ita CoS ba takarda ba ce da za a miƙo maka a hannu. Bayani ne da kamfanin ke shigarwa a na'urar ma'aikatar, ya fito da lamba, ɗauke da sunan aikin, lambar sana'ar, albashi, wurin aiki da ranar farawa. Da lambar CoS ɗin ake cike fom ɗin neman biza, kuma cikin wata 3 da ba ka ita. In babu ita, komai kaurin albashinka na dala, fom ɗin ba zai wuce ba.

To, abu na farko, shiga GOV.UK, shafin gwamnatin Birtaniya, ka sauke jerin kamfanoni masu lasisi. Kyauta ne, kuma ana sabunta shi a kai a kai. Nemi sunan kamfaninku kamar yadda aka yi masa rajista a Birtaniya, don sau da yawa ya bambanta da sunan da kuka saba kira. Ka duba layinsa ka ga an rubuta Skilled Worker, kuma matakinsa A ne. Mai matakin B ba ya iya ba sabon ma'aikaci CoS har sai ya gyara lamuransa.

In ka same su a jerin, magana ta koma kan albashi. Tun 22 ga Yulin 2025, mafi ƙarancin albashi fam 41,700 ne a shekara, ko kuma farashin da aka yanka wa sana'arka, duk wanda ya fi yawa. A nan masu manhaja ke tuntuɓe, domin nasu farashin ya haura fam 50,000, kuma a kan sa'o'i 37 da rabi a mako ake lissafa shi. Wanda bai kai shekara 26 ba yana samun rangwame, fam 33,400 ko kashi 70 cikin 100 na farashin sana'ar, duk wanda ya fi yawa. Aikin kuma ya zama na matakin digiri. Reshen Birtaniya ne zai saka ka cikin ma'aikatansa ya riƙa cire haraji daga albashinka. Yarjejeniyar ɗan kwangila da kamfanin Amurka, inda kai ne ke tura takardar neman biya a ƙarshen wata, ba ta shiga nan.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa: Turanci matakin B2 ga sababbin masu nema tun Janairun 2026, gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi a Abuja ko Legas, fam 1,270 da suka kwana 28 a asusunka in kamfani bai ɗauki nauyin wannan ba, da kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tun farko. Alƙaluman suna sauyawa, ka sake duba su ranar da za ka nema.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Ko da reshen yana da lasisi, in aikin na gida ne ɗari bisa ɗari, dole kamfani ya sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ita kuma tana iya tambaya: tunda yana iya aikin daga Kano, me ya sa sai an kawo shi Manchester? Tambaya ce mai ma'ana a ganina, kuma kamfanin da bai tanadi amsa ba yana jefa lasisinsa cikin haɗari. Wanda ke zuwa ofis wasu ranaku a mako bai da wannan matsalar. Haka nan akwai tarko a wajen kamfanonin da ke tsaya wa wasu a matsayin mai ɗaukar aiki a takarda, suna biyan albashi a madadinsu. Ƙa'ida ta ce wanda ya ba da CoS shi ne zai riƙe ragamar aikinka, ba ya ara ka ga wani ba. In ubangidanka na gaskiya yana Amurka, shi ke ba ka aiki yana duba shi, wannan tsari yana iya rushewa ranar da jami'ai suka zo bincike. In aka soke lasisi, yawanci kwana 60 ake ba ma'aikaci ya sami wani kamfanin ko ya tattara.

Wata ƙofar ita ce ta sauyin wurin aiki tsakanin rassan kamfani ɗaya, ta manya da ƙwararrun ma'aikata. Tana buƙatar ka yi wata 12 da kamfanin a waje, sai in albashin ya kai fam 73,900. Illarta, ba ta kai mutum ga zaman dindindin. Ita kuwa bizar Global Talent, ta fitattun masu hazaƙa, ba ta buƙatar mai ɗaukar nauyi, kana iya ci gaba da aikinka na Amurka a kanta, amma sai ka nuna hujjar cewa ka yi fice a fagen fasaha, ba shekarun aiki kaɗai ba.

Kada wani ya ce maka ka shiga da bizar ziyara ka ci gaba da aikin a can. Tun ƙarshen Janairun 2024 an yarda baƙo ya taɓa aikin kamfaninsa na waje, ya amsa saƙonni ko ya shiga taro, muddin ba shi ne maƙasudin zuwan ba. Mai zuwa ya yi wata 5, ya koma, ya sake dawowa, zai sha tambayoyi a filin jirgi. Birtaniya ba ta da bizar masu aiki daga nesa. Fotugal tana da ita tun 2022, inda take neman kuɗin shiga ninki 4 na mafi ƙarancin albashin ƙasar. Sifaniya ma ta buɗe tata a 2023, Dubai kuma na ba da ta shekara 1. In burinka fita da wannan aikin a hannu, can ya dace ka duba.

Masu cewa ka kawo miliyoyin naira su samo maka CoS, ka guje su. Kamfani ne ke biyan kuɗinta, fam 525, kuma an hana shi karɓa daga ma'aikaci. In aka kama ka da ta bogi, ana iya hana ka shiga ƙasar har shekara 10.