Tambaya da Amsa: Walda, Yanka da Rusau a Ƙarƙashin Ruwa

Wasiƙun wannan karon sun karkata ne ga sana'ar nutso, wato aikin masu shiga ruwa domin gyaran jirage, madatsun ruwa, bututu da ginshiƙan gada. Mun taƙaita tambayoyin, masu sana'ar kuma suka amsa.

Tambaya: Ni mai walda ne, na yi shekara goma ina yi a doron ƙasa. Yaya ake walda cikin ruwa lantarki bai kashe mutum ba? Kuma waldar tana riƙewa kuwa?

Amsa: Malam, ana yi, amma bisa sharuɗɗan da ba a ɗaga ƙafa a kansu. Ba a amfani da lantarki mai kai-komo irin na soket ɗin gida, domin shi ne yake sandarar da tsoka har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Lantarki mai tafiya hanya ɗaya ake amfani da shi, daga inji mai ƙarfin amfiya 300 zuwa 400, galibi a haɗa sandar walda a ɓangaren mai alamar ragi, ƙarfen da ake aiki a kansa a ɓangaren mai alamar tarawa. Tsakanin inji da mai nutso akwai babban makunni a hannun wani mutum a sama. A kashe yake koyaushe. Sai mai nutso ya ɗora sanda inda zai fara, ya ce a kunna, na sama ya maimaita maganar sannan ya kunna. Sanda na ƙarewa ya ce a kashe, kuma ba zai taɓa ta don canzawa ba sai ya ji an tabbatar masa an kashe. Wayar da ake maƙalawa a jikin ƙarfe tana zama kusa da wurin aiki, a gaban mai nutso, don kada jikinsa ya shiga tsakaninta da sanda ya zama hanyar wuta. Safar roba marar huji tana ƙarƙashin ta aiki, kuma ba a bari sanda ta taɓa hular kwano.

Batun riƙewa shi ne inda gwanaye irinku suke shan mamaki. Ruwa yana sanyaya narkakken ƙarfe nan take, sai gefen waldar ya yi tauri ya zama mai saurin tsagewa. Zafin wutar kuma yana fasa ruwa ya fitar da iskar haidirojin, ita kuma ta shige cikin ƙarfen, ta jawo ƙananan ramuka da tsaga wadda wani lokaci ba ta bayyana sai bayan awoyi. Shi ya sa ake amfani da sanduna masu rufin da ruwa ba ya ratsawa, ana aika wa mai nutso kaɗan-kaɗan, ana jan sanda a jikin ƙarfe ba tare da ɗagawa ba, ana yin siraran layuka da yawa maimakon kauri ɗaya, domin layin da ya biyo baya yana tausasa na ƙarƙashinsa. Ƙarfe mai yawan kabon ba ya son wannan walda ko kaɗan. Idan aikin na bututun mai ne ko wani ginshiƙi da ba a yarda da kuskure a kansa ba, sai a saukar da ɗakin ƙarfe a rufe wurin, a kori ruwan da iska, a yi waldar a bushe. Tsada gare shi, amma shi ne yake ba da inganci irin na doron ƙasa.

Abu ɗaya da ya kamata ku sani kafin ku nemi makaranta: walda ƙaramin kaso ce a ranakun mai nutso. Mafi yawan lokaci yana kankare tsatsa ne, ko ɗaure ƙusoshi, ko awo, ko ɗaurin kaya, a ruwan da ba ya ganin tafin hannunsa.

Tambaya: Me ya sa nake ganin ma'aikatan suna jan dogon tiyo, ba sa goya tukunyar iska kamar masu nutson shaƙatawa?

Amsa: Domin tukunya tana ƙarewa, kuma mai ita shi kaɗai ya san halin da yake ciki. Abin da kuka gani igiyar rai ce, tiyo da wayoyi da aka murɗe wuri guda: tiyon iskar numfashi, wayar magana, siririn tiyo buɗaɗɗe da ake auna zurfin mai nutso da shi daga sama, igiya mai ƙarfin da za ta iya jawo mutum, wani lokaci da wayar kyamara da fitila da tiyon ruwan zafi. A jikin ɗamarar kafaɗa ake maƙala ta, ba a hula ba. Hular, irin ta kamfanin Kirby Morgan da ta fi yaɗuwa, tana da bawul mai hana iska komawa baya. Ana gwada shi kullum kafin shiga ruwa, domin idan tiyo ya yanke a sama kuma bawul ɗin bai kama ba, iskar hular za ta zuƙe sama, matsin ruwa ya danne fuskar mutum. Duk da haka yana goye da ƙaramar tukunya ta ko-ta-kwana.

A sama akwai shugaban aiki a gaban allon bawuloli, da mai riƙe igiya, da wani mai nutso da ya shirya tsaf yana zaune, aikinsa kawai ya faɗa ruwa idan ɗan'uwansa ya shiga matsala. Kuskuren da ake yawan yi a sama shi ne ajiye bakin da kwampireso, wato injin da ke tura wa mai nutso iska, yake shaƙar iska kusa da salansar janareto. Hayaƙin yana ɗauke da gubar kabon monoksaid marar wari, matsi kuma yana ninka illarta.

Tambaya: Ina aiki a madatsar ruwa. Wata ƙofarmu tana yoyo, muna so mu kira masu nutso su duba. Me ya kamata mu tanada?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk wasiƙun, domin irin wannan aiki mai kama da sauƙi ya fi walda cin rayuka. Duk inda ruwa ya fi tudu a gefe ɗaya kuma akwai kafa a tsakani, ruwan yana tura duk abin da ya toshe kafar. Ga lissafin. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi kwatankwacin kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita. Bakin bututu mai faɗin santimita 30, a zurfin mita 5 kacal, idan ɗaya gefen babu ruwa, zai riƙe mutum da ƙarfin da ya kai kilo 350. Idan faɗin ya ninka zuwa santimita 60, ƙarfin ba ninkawa biyu yake yi ba, huɗu yake yi, kusan kilo 1,400. Babu ƙaton da zai fizge kansa, kuma jan igiya daga sama raunata shi zai yi. Abin da ya sa haɗarin yake yaudara shi ne ba a jin jan sai an matso dab da kafar.

Ku fito da zanen ginin, ku zauna da shugaban masu nutso ku lissafa kowace ƙofa, famfo, bawul da bututun da ya taɓa wannan ruwa. Kowanne a rufe shi, a cire masa wuta, a sa kwaɗo da takardar gargaɗi, makulli ya zauna a aljihun shugaban masu nutso har sai mutuminsa ya fito. Famfon da yake tashi da kansa idan ruwa ya kai wani mataki, shi aka fi mantawa. Bayan haka a daidaita ruwan ɓangarorin biyu: a cika bayan ƙofar har ya yi kai ɗaya da gaba, ko a saukar da allunan toshiya. Wurin yoyon kuwa, daga sama ake fara nemansa, da kyamara ko na'ura mai nutso marar mutum, ko a ɗaura tsumma a igiya mai nauyi a ga inda yake karkata. Ba da hannun mutum ake laluben yoyo ba. A ƙarshe a auna igiyar rai a ɗaure ta yadda tsawonta ba zai kai mai nutso bakin wata kafa da ba a rufe ba.

A Fabrairun 2022 a tsibirin Tirinidad, bambancin matsi ya zuƙe masu nutso biyar cikin bututun mai bayan an cire toshiyar da ke bakinsa. Mutum ɗaya ne ya fito da rai.

Tambaya: Yaya ake rushe tsohuwar matsayar jirage mai ginshiƙan ƙarfe da kankare?

Amsa: Daga sama ake farowa a yi ƙasa, kuma ba a yanke komai sai ƙugiyar kireni ta riƙe shi. Ƙarfe ana yanka shi da sandar ƙuna, wato siririn bututu cike da wayoyi da ake hura oksijin ta cikinsa. Bakinta yana kai zafin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas, tana cin ƙarfe da tsatsa har da kankare. Amfiya 150 ta isa a tayar da ita, matsin oksijin kuma ana sa shi ya ɗara na ruwan wurin da kamar kilo 6 a kan kowace murabba'in santimita. Ku lura cewa kashe lantarki ba ya kashe ta, sai an saki maɓallin oksijin.

Ba wutar ce take kisa ba, iskar da take taruwa ce. Oksijin da bai ƙone ba da haidirojin suna hawa sama su maƙale a cikin rufaffen ginshiƙi, ko ƙarƙashin bene, ko cikin laka a bayan farantin ƙarfe. Tartsatsi ɗaya ya isa, kuma fashewa a cikin ruwa tana fasa dodon kunne da huhu. Don haka kafin a kunna wuta ana huda ramukan fitar iska a can ƙololuwar wurin, da injin huji, ba da wuta ba, a tabbatar kumfa yana fita. Tankin da ya taɓa ɗaukar mai ba a kusantarsa da wuta sai an wanke an cika shi da ruwa. Ana kuma barin 'yan wurare ba a yanke ba, a yanke su daga ƙarshe, domin ginshiƙin da yake ɗauke da nauyi yakan yi tsalle idan ya rabu.

Kankare mai rodi ya fi dacewa da zarton waya mai ƙwayoyin lu'ulu'u: mai nutso ya zagaya wayar, ya fito daga ruwa, inji ya yi yankan. Akwai kuma almakashin haidirolik da guduma mai fasawa. Nakiya sai ƙwararru masu lasisi, kuma babu mai nutso a ruwa ko daga nesa.

Tambaya: An ce da buhun iska ake ɗaga kaya masu nauyi. Haka ne?

Amsa: Haka ne. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kimanin kilo ɗaya. Ƙarfe yana rage kusan kashi 13 cikin 100 na nauyinsa a ruwa, kankare kuwa fiye da kashi 40. Matsalar ita ce iskar da aka hura a zurfin mita 10 tana ninka girma kafin ta iso sama, sai buhu ya ƙara gudu yana hawa. Ya fi muni idan kayan sun kafe a laka: a yi ta ƙara iska, laka ta saki farat ɗaya, kaya su yi sama da igiyar mai nutso. Maganinsa a zaɓi buhu daidai nauyin kaya, a kore lakar da tiyon ruwa tukuna, a ɗaure kayan da wani abu mai nauyi a ƙasa, a kuma ɗaura igiya a kan buhun wadda za ta kifar da shi ta zubar da iskar idan ya kuɓuce.

Tambaya: Me ya sa ba sa fitowa kai tsaye idan sun gama, har wasu a kulle su a ɗakin ƙarfe?

Amsa: A ƙarƙashin matsi iskar naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan aka fito da gaggawa sai ta zama kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo mai gas. Alamunta ciwon gaɓoɓi, kasala, ƙaiƙayi, jiri, mutuwar ƙafa ko kasa fitsari, kuma suna iya jinkiri na awoyi. Tun 1908 masanin kimiyya John Scott Haldane ya fitar da jadawalin tsayawa mataki-mataki, na yau duk jikokinsa ne. A jadawalin sojan ruwan Amurka ana hawowa mita 9 a minti, ana tsayawa inda aka ƙayyade. Wani lokaci akan fito da mutum ya ƙarasa sauran zaman a ɗakin matsi, wato ɗakin ƙarfen da ake ƙara wa matsin iska, yana shaƙar oksijin, amma daga barin matsayarsa ta ƙarshe a ruwa zuwa komawa ƙarƙashin matsi minti 5 kawai aka ba shi, har da tuɓe kaya.

Iskar da muke shaƙa tana fara bugar da mutum kamar maye daga wajen mita 30, kuma a ƙa'idar ƙasashe da yawa ba a wuce mita 50 da ita. Idan zurfin ya wuce nan sai a haɗa iskar hiliyam da oksijin. A ayyukan teku mai zurfi ma'aikata suna zama cikin ɗakin matsi a kan jirgi har kwana 28, ana saukar da su wurin aiki cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a rage matsin sau ɗaya a ƙarshe, kimanin kwana guda ga kowace mita 30.

Wanda ya nuna alama bayan nutso, ko da ciwon kafaɗa ne kawai, a kwantar da shi, a ba shi oksijin zalla, a ba shi ruwan sha idan yana cikin hayyacinsa, a kira likitan nutso a nufi ɗakin matsi mafi kusa. Ba a mayar da shi ruwa don ya warke, ba a kuma sa shi jirgin sama mai tashi can ƙololuwa. A tafi da takardar da aka rubuta zurfinsa da mintocinsa, ita likita zai fara nema.