Zaki ne ko damisa a tambarin Ingila?

Malam, ka tambaya me ya sa wasu ke kiran zakunan nan uku na rigar 'yan ƙwallon Ingila damisa. Gaskiya tambayar ta min daɗi. Zakuna ne, amma masu zana tambarin sarakuna da Faransanci suke aiki a da, su kuma in zaki yana tafiya ya juyo yana kallonka to damisa suke ce masa, sai ya miƙe kan ƙafafun baya ne ake kiransa zaki. Sarkin Ingila Richard na ɗaya ya sa ukun a hatiminsa wajen 1198. Ita kanta kalmar leopard, wato damisa a Turanci da Faransanci, daga Girkanci take, sunan zaki aka haɗa da na wata dabba pardos, don sun ɗauka damisa barbarar yanyawa ce tsakaninsu, alhali dabba ce mai zaman kanta.