Amsa ga ƙanena mai son karatun hancin kifi

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, ka gafarce ni da jinkirin amsa. Ka ce ka kammala digiri na biyu, kana neman gurbin digirin digirgir a ƙasar waje kan yadda ƙwaƙwalwar kifi ke gane ƙamshi da wari. Farfesoshi biyu ne a ranka, kuma ka fi karkata ga wanda aka fi ambaton takardunsa, wai shi ne mai tasiri. Ni da na kwashe shekaru a nan ɗakin bincike ina wanke tankunan kifi, sai in ce ka ɗan dakata tukuna.

Bari in ba ka labarin Arthur Hasler na Jami'ar Wisconsin a Amurka. Kifin salmon a rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan ya komo wannan rafin dai ya yi ƙwai. Yaya yake gane hanya? Hasler ya ce wata rana yana hawan dutse a Utah, inda ya girma, iska ta kaɗo masa ƙamshin tsirran wurin, nan take yarintarsa ta faɗo masa a rai. Sai ya yi tunanin ko kifi ma haka yake. A 1951 shi da ɗalibinsa Warren Wisby suka kawo hasashen cewa kowane rafi yana da ƙamshinsa, ɗan kifi yana haddace shi tun yana ƙarami. A 1954 suka ba da rahoton gwajin da suka yi a rafin Issaquah na jihar Washington: suka kama kifayen da suka dawo, suka toshe hancin wasu da auduga, suka mayar da su ƙasa da inda ruwan ya rabu biyu. Masu buɗaɗɗen hanci suka koma reshensu, waɗanda aka toshe kuwa suka yi ta dabur-dabur.

Masu suka ba su gamsu ba, kuma suna da hujja, domin kifin da aka cusa wa auduga yana iya rikicewa don wahala kawai. Hasler bai yi fushi ba, ya koma bakin aiki. Da shi da Allan Scholz da abokan aikinsu suka reni 'ya'yan kifi a ruwan da aka ɗiga wa wani sinadari, suka sake su a tafkin Michigan, da lokacin dawowa ya yi suka zuba sinadarin a wani rafin da kifayen ba su taɓa shiga ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka sake kamawa a wannan rafin aka same su. An buga sakamakon a mujallar Science a 1976. Ka lissafa, shekara 25 ke nan ana bin tambaya ɗaya. Har gobe masu kiwon salmon don sakewa a ruwa suna la'akari da wannan wajen zaɓen inda za su sake shi da lokacin da ya dace.

Ga kuma ɗaya gefen. Daga 2009 aka fara fitar da wasu takardu masu cewa ƙaruwar iskar kabon a teku tana birkita hancin ƙananan kifaye har su riƙa bin warin mai cinye su. Jaridu suka ɗauka, aka yi ta ambaton takardun. A 2020 wata tawaga ta daban ta buga a mujallar Nature cewa ta maimaita gwajin ba ta ga haka ba. Da yawan ambato ne ma'auni, da can za ka nufa da gudu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saboda haka ka ɗauki takardu uku na kowane farfesa ka karanta da kanka, musamman sashen yadda aka yi gwajin. Ka duba ko wasu da ba yaransa ba sun maimaita sun samu abin da ya samu. Sai ka nemo ɗaliban da suka gama a hannunsa ka tambaye su a keɓe ko yana da lokacin ɗalibi, kuma kuɗin bincikensa zai kai ka ƙarshen karatu. Wannan ta kuɗin kada ka ji kunyar yin ta.

Fannin kuwa yana da faɗi fiye da yadda kake zato. John Caprio a Louisiana ya daɗe a kan tarwaɗa. Weiming Li na Jami'ar Jihar Michigan ya gano a 2002 sinadarin da namijin lamprey, wani kifi mai tsotse jinin kifaye, yake jawo mace da shi, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi masa rajista a 2015 don yaƙar wannan annoba. Idan ƙwaƙwalwar ce zalla ta dame ka, ka duba aikin Sigrun Korsching a Jamus, da Rainer Friedrich a Suwizalan, da Yoshihiro Yoshihara a Japan. Su da ɗan kifin nan zebrafish suke aiki, wanda jikin jaririnsa garau yake, kana iya kallon ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa suna haske lokacin da ƙamshi ya iso hancinsa.

Abin da ba a rubutawa a tallar gurbin karatu shi ne kifi bai san hutun ƙarshen mako ba. Ni famfon iska ya taɓa tsaya mini da dare, na wayi gari aikin wata huɗu ya bi ruwa. Daɗinta ɗaya, ɗakin zebrafish a zafin maki 28 na ma'aunin Celsius ake riƙe ruwansa, da hunturu nan kowa ke laɓewa.

Ka fara koyon lissafin ƙididdiga da yaren kwamfuta na Python tun yanzu, domin rabin aikin a gaban kwamfuta ake yin sa. In ka rubuta wasiƙar da za ka aika wa farfesan, turo mini in duba kafin ta tafi. Ka gaida mutanen gida.