Hasashe, Canka da Zato: Amsoshin Tambayoyinku

Wani malamin lakwal daga unguwar Zango ya tambaya: idan ya dakata a tsakiyar gajeren labari domin yara su faɗi abin da zai biyo baya, cewa zai yi su yi hasashe ko su canka?

Malam, hasashe za ka ce, kuma ina roƙonka kada ka bar ɗayar ta shiga bakin ɗalibanka a wannan wuri. Canka ita ce a dunƙule hannu a ce ka faɗi abin da ke ciki, ba ka da madogara sai sa'a. Hasashe kuwa yana tsayawa ne a kan alama, kamar manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce yau za a sha ruwa. Yana damuna ƙwarai yadda wasu masu magana a rediyo suke kiran kowace shaci-faɗi hasashe, har kalmar ta fara rasa nauyinta. Saboda haka idan yaro ya ce ɓarawon labarin zai shiga hannu, ka tambaye shi inda ya ga alamar: a sunan labarin ne, ko a wata magana da aka yi tun farko? Daga nan a ci gaba da karatu, a ga ko marubucin ya gaskata shi ko ya kauce masa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Damagaram, garin da aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar boko a ƙasar Nijar tun 1973, kuma tun kafin nan kakanninmu suna aiki da ita a dandalin tatsuniya. Da zarar an ce Gizo ya yi wa Ƙoƙi sallama zai tafi gona, yara sun fara murmushi, domin sun san halinsa na kwaɗayi da wayo.

Wata baiwar Allah daga Birni ta ce: ai zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to yaya za a koya wa yara shi?

Hajiya, karin maganar tana jan kunne ne a kan munana wa mutum zato, kuma Suratul Hujurati, aya ta 12, cewa ta yi sashen zato zunubi ne. Auna abin da zai faru a labari bai ci mutuncin kowa ba.

Daga Mirya an tambayi karin maganar da ta dace da wannan darasi.

Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.