Tambaya da Amsa: Zan iya saka wa tsohuwar kwamfutata sabon katin hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon haɗa bidiyon biki da suna, kuma kwamfutar tebur da nake aiki da ita ta hannu ce, irin ta ofis ɗin nan da ake shigowa da su daga Turai. Da zarar na ɗora bidiyo mai nauyi sai ta riƙa sarƙewa. An ba ni shawarar sayen katin hoto na RTX 3060. Zan iya saka shi da kaina, ko sai na kai wa mai gyara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, saka katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton da kwamfuta ke nunawa a monita, ba wani abu ba ne, duk wanda ya iya riƙe sukudireba zai iya. Abin da ya kamata ka bincika kafin ka fitar da ko kwabo shi ne ko kwamfutar taka tana da isasshiyar wutar da za ta ɗauki nauyinsa.

Katin RTX 3060, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2021, yana jan wutar da ta kai wat 170, kuma kamfanin ya ba da shawarar a haɗa shi da akwatin rarraba wuta mai ƙarfin wat 550. Gurbin da ake soka katin a jikin babban allon kwamfuta, wato PCI Express, wat 75 kawai yake bayarwa, saura kuwa sai ta wata waya ta daban mai kai da ramuka takwas. Buɗe murfin kwamfutarka ka karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wutar. Yawancin ƙananan kwamfutocin ofis ba su kai wat 300 ba, ba su da wannan waya, kuma da yawansu an ƙera musu filogi na musamman, ta yadda ba kowane akwatin wuta na kasuwa zai shiga ba. Za ka iya haɗuwa da wanda zai ce akwai 'yar wayar da ake jonawa daga filogin SATA, wanda ke ba faifan ajiya wuta, a ba katin wuta. Ban ba ka shawarar amfani da ita ba, domin filogin ba a yi shi don irin wannan nauyi ba, yana iya yin zafi har ya narke.

Sai kuma faɗin gangar jikin kwamfutar. Idan siririya ce, katin da ke da fanka biyu ko uku ba zai bari murfi ya rufu ba. A irin wannan hali, abin da ya fi dacewa da kai shi ne gajeren samfurin GTX 1650 ko na RTX 3050 mai gigabait 6, waɗanda wutar gurbin kaɗai ta ishe su. Kafin nan ma, duba ko sarƙewar daga ƙarancin RAM take, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ko daga tsohon faifan ajiya mai juyawa, domin sau da yawa sauya faifan da SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, yana kawo sauƙin da ake nema a wajen katin.

Idan komai ya dace, kashe kwamfutar, zare wayarta daga soket, sannan ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar da ke ciki ta fita. Taɓa ƙarfen gangar jikin kafin ka ɗauki katin, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa, kuma ka riƙe shi ta gefe, kada yatsanka ya taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya. Cire marfin ƙarfen da ke bayan akwatin daidai da dogon gurbin da ke kusa da injin sarrafawa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, daidaita katin, ka danna shi a hankali da hannu biyu har sai ka ji ɗan makullin robar da ke ƙarshen gurbin ya yi ƙas. Ɗaure shi da noti, ka jona masa wayar wuta idan yana buƙata.

Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa ne bayan an rufe murfi: mutum ya mayar da wayar monita tsohon wurinta na sama, alhali yanzu a jikin sabon katin ya kamata ta shiga, a ramin HDMI ko DisplayPort da ke ƙasa. Idan monitar taka mai tsohon filogin VGA ce kawai, za ka buƙaci na'urar sauyawa, domin waɗannan katuna ba su da shi. Da Windows ta tashi, sauke manhajar direban katin, wadda ke ba Windows damar aiki da shi, kai tsaye daga shafin Nvidia, kuma idan da akwai wani kati a ciki tun farko, cire tsohon direbansa tukuna. Idan kuwa fanka tana juyawa amma allo ya tsaya baƙi, kashe, zare katin ka sake zaunar da shi sosai kafin ka yanke hukuncin cewa ya lalace.