Tambayoyin Uwargida: Soyayyen burodi da ƙwai mai ciko, wanda zai riƙe ciki har azahar

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana suna son soyayyen burodi da ƙwai, wanda ake kira French toast, amma kafin hantsi sun fara kukan yunwa. Na gwada sa masa yogot a tsakiya, sai ya tsiyaye a kasko, burodin ya jiƙe sharkaf. Ya zan yi ya zama mai gina jiki kuma ya soyu da kyau? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Laifin na ruwan da ke cikin yogot ne. Tun da dare ki shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ki zuba yogot marar sukari ko kindirmo kofi 2, ki ɗora rariyar a kan kwano, ki sa a firij awa 6 zuwa 8. Da safe za ki tarar ya koma kusan rabi, ya yi kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Irin wannan tataccen yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 9 a kowane giram 100, fiye da ninki biyu na wanda ba a tace ba. In kindirmo ne, ki tabbata an tafasa madarar kafin a yi shi, domin cikon ba ya dahuwa a kasko, ɗumi kawai yake yi.

Na mutum 2: yankan burodin alkama 4, ƙwai 2, madara rabin kofi, kirfa rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan kaɗan, markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali 2, da tataccen yogot ɗin. Burodin ya zama wanda ya kwana, ki yanka da kanki da kaurin yatsa. Sabon burodi mai laushi yana shan ƙwai ya narke tun kafin ya kai kasko.

Ki fara shafa gyaɗar a jikin yanka biyu, domin maiƙonta yana tare danshi. Ki ɗora yogot cokali 3 a tsakiya, ki bar faɗin yatsa ɗaya a gefe, ki rufe da ɗayan yankan, ki danne bakin. Ki kaɗa ƙwai da madara da kirfa da gishiri a faranti mai faɗi har fari da gwaiduwa su haɗu, sannan ki tsoma kowane gefe daƙiƙa 15 zuwa 20 kawai.

Wajen wuta ne mafi yawan mutane ke ɓata shi. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko bota ya isa, wuta kuma ƙasa da matsakaiciya. Ki soya kowane gefe minti 3 zuwa 4, ki rufe kaskon a minti biyun farko don tururi ya dafa ƙwan da ya shiga ciki. In wuta ta yi yawa, waje zai ƙone ciki ɗanye. Kada ki sa sukari a ruwan ƙwan, shi ke saurin baƙanta shi. Ki danna tsakiya da cokali: in ruwan ƙwai bai fito ba, ya yi.

Da ƙwai ɗaya mai furotin giram 6, da gyaɗa, da burodi, da sauran yogot ɗin a kai, kowane mutum zai samu furotin wajen giram 25.

Tambaya: Wane ɗan itace ya fi dacewa a zuba a kai? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A ganinmu mangwaro nunanne ya fi, 'yar uwa. Ki yanka rabi ƙanana, ki ɗora a wuta da ruwa cokali 2 na minti 3 har ya yi romo, sannan ki haɗa da sauran ɗanyen. Ayaba ma tana yi, amma ki matsa mata lemun tsami kada ta yi baƙi. Abarba da gwanda ɗanyu kuwa, sai an zo ci a zuba su, domin in suka daɗe cikin yogot suna tsinka shi, su sa masa ɗaci. Kankana ruwa gare ta, a ba ta nata kwanon. In ana son ƙarin zaƙi, dabino 2 da aka jiƙa aka dama sun wadatar da faranti biyu.